Rumbun Baƙuwar Kwamfuta

Manomin Gangara yakan san girman rumbunsa tun kafin a yanke gero. Shi ma mai girka kwamfuta a cikin kwamfuta, wato baƙuwar da manhaja irin VirtualBox ko VMware ke saukewa a cikin mai masaukinta, da batun rumbu yake farawa. Faifan baƙuwar ba ƙarfe ba ne, fayil ne kwance a faifan mai masauki.

A ce mai shagon buga takardu ne a Sabon Birni, yana da tsohuwar firinta da ba ta jin maganar kowa sai Windows 7, sai ya tashi girka Windows ɗin a matsayin baƙuwa. Manhajar za ta tambaye shi: a yanka wa baƙuwa filinta duka yanzu, ko faifan ya riƙa girma sannu a hankali? In ya ce a yanka gigabait 50, nan take sun tafi ko da bai zuba komai ba. In ya zaɓi mai girma a hankali, fayil ɗin zai fara ɗan mitsitsi, sai an zuba kaya ya kumbura.

Na biyun nake ɗauka, amma da ido a buɗe, domin alkawari ne kawai. Mai faifan gigabait 256 zai iya yi wa baƙi uku alkawarin 100 kowacce, ba wanda zai hana shi. Ranar da faifan mai masauki ya cika, baƙuwa takan tsaya cak a tsakiyar aiki. Wani abin takaicin kuma, ko ka share kaya a cikinta, fayil ɗin ba ya saɓewa da kansa, sai ka matse shi da gangan.

Sai maganar wuta, wadda a yankinmu ta fi saurin faifai muhimmanci. Faifai mai girma a hankali yana da jadawalin da ke nuna inda kowane gutsure yake. A ɗauke wuta ana cikin rubuta shi, yana iya dagulewa. Tsarin VHDX da Microsoft ta fitar a 2012 ya zo da kundin kariya saboda irin haka. Batir mai rai ko inbata sun fi kowace dabara sauƙi.

Hoton da manhaja ke ɗauka don a koma baya in an yi kuskure, jingine yake da faifan asali, tare suke mutuwa. Ajiyar intanet kuwa ba kullum ake kaiwa gare ta ba, mutanen Isa da Sabon Birni ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya. Don haka ka kashe baƙuwar, ka kwafi fayil ɗin zuwa faifan waje, amma duba tsarinsa tukuna: FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai NTFS ko exFAT.