Maganar Hannu da Matsalar Karatun Leɓe a Hausa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta kurma da bebe: kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe kuwa wanda ba ya magana. Sau da yawa bebantaka tana biyo bayan kurumta ne, domin yaron da bai ji harshe ba, ba zai iya kwaikwayonsa ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa tsarin sautin Hausa ya taƙaita amfanin karatun leɓe, saboda haka maganar hannu ce ta cancanci zama tushen ilmantar da kurame.

2.0 Musabbabin Kurumta

Baya ga gado, cututtuka irin su sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa suna cikin manyan dalilan kurumta a Arewa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya. Haka kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana kurumtar da kimanin ɗaya daga cikin huɗu na waɗanda suka warke, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan yaron da ya kurumce a unguwar Dala ta Maiduguri, ko a birnin Kano, yana buƙatar wata hanyar sadarwa tun kafin shekarun koyon harshe su wuce shi.

3.0 Karatun Leɓe

Taron Milan na 1880 ya fifita koyar da kurame ta hanyar furuci da karatun leɓe, wato fahimtar magana daga motsin bakin mai yin ta. Hausa tana da siffofi uku da suke wahalar da wannan hanya. Na farko, /b/ da /ɓ/ da /m/ duk a leɓɓa ake furta su, don haka ido ba ya rarrabe waɗannan:

bari, ɓari, mari

Na biyu, /k/ da /ƙ/ 'yan hanɗa ne, abin da ya raba su yana faruwa ne a maƙwallato, inda ido ba ya kaiwa:

baki, baƙi
kafa, ƙafa

Na uku shi ne karin sauti. Kalmar fari ta launi tana da karin sama-sama, ta ƙarancin ruwan sama kuwa sama-ƙasa, alhali motsin leɓɓa ɗaya ne. Na'urar taimaka wa ji takan rage matsalar ga mai sauran ji, amma ba ta wadatar da wanda jinsa ya tafi baki ɗaya.

4.0 Maganar Hannu

A 1960 William Stokoe ya nuna cewa alamun kuramen Amurka suna ginuwa ne daga siffar hannu da muhallinsa da motsinsa, kamar yadda kalma take ginuwa daga sautuka. Constanze Schmaling ta yi irin wannan nazari a kan kuramen Kano, ta kuma wallafa littafinta Maganar Hannu a Hambug a 2000. Binciken ya tabbatar da cewa harshe ne mai ƙa'idojinsa, ba Hausar baka ce aka mayar hannu ba. Ba a makaranta aka ƙage shi ba, a cikin al'umma ya taso, har masu ji da dama suna amfani da shi a kasuwa, kuma sarautar Sarkin Bebaye tana nuna matsayin masu shi. A kudancin Borno ma an sami wani harshen hannu na daban a tsakanin Bura, a yankin Biu.

Sai dai makarantu sun bi wata hanya. Andrew Foster, kurma Ba'amurke, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, alamun Amurka suka bazu daga nan har zuwa makarantar Tudun Maliki ta Kano, wadda aka kafa a 1977. Sakamakon haka ɗalibi yakan koma gida da alamun da iyayensa ba su sani ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa leɓe ba ya bayyana muhimman bambance-bambancen sautin Hausa, hannu kuwa yana ɗauke da cikakken harshe. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su tattara kalmomin Maganar Hannu, su nazarci kare-karenta daga Sakkwato zuwa Maiduguri, su kuma horar da tafintoci domin asibitoci da kotuna. Idan ba a yi haka ba, akwai fargabar alamun aro su danne na gida kafin a gama adana su.