Idan jiki ya fara mutuwa ba a san dalili ba

A garuruwanmu, idan ƙafa ta fara ja, hannu ya kasa riƙe moɗa, ko yaro ya daina tafiya bayan ya iya, abin da ake fara cewa shi ne sammu ko iska. Ko sunan shan-inna ma yana nuna inda tunaninmu ke zuwa. Kafin a kai maras lafiya gidan likita, an sha rubutu, an yi turare, an sayar da akuya, wata uku sun wuce. Alhali wasu daga cikin waɗannan cututtuka, lokacin da aka ɓata shi ne ke mai da su nakasa.

Mu tuna abin da ya faru a maƙwabta, jahar Zamfara ta Najeriya, a shekarar 2010. Yara ƙanana suka riƙa amai da jijjiga da suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. An yi zaton zazzaɓin sauro ne ko sanƙarau, magani bai yi aiki ba. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka auna jinin yaran, aka tarar gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya cike suke da dalma, ana kawo su cikin gida, ana daka su, ana niƙa su a injin niƙa. Ƙurar na sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara kimanin 400 suka rasu, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a jahar Neja, yara 28 suka mutu.

Wannan labari bai yi mana nisa ba. Tun daga 2014 matasanmu ke tururuwa zuwa Jado neman zinariya, ga kuma ramukan Ɗan Isa a jahar Maraɗi. Ga babba, dalma takan kawo ciwon ciki da taurin bayan gida, sannan wuyan hannu ya saki, mutum ya kasa ɗaga shi. Zaibar da ake ƙonawa don ware zinariya kuwa, hayaƙinta na kawo karkarwar hannu da mantuwa. Har kwallin gargajiya na dutse da iyaye mata ke zizara wa jarirai, yakan ƙunshi dalma.

Likitoci sukan fara da tambaya guda: cikin kwana nawa abin ya zo? Wanda ya faɗi farat ɗaya, ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, galibi daga hawan jini, kuma ba a kwana da ita a gida. Yaron da ya yi zazzaɓi, ƙafa ɗaya ta saki cikin ƴan kwanaki, ana tuhumar shan-inna. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana a watan Agusta na 2020 cewa an raba Afirka da ƙwayar cutar ta asali, amma wani nau'inta da ya rikiɗe yana ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Shi ya sa duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki, ake so a ɗauki kashinsa sau biyu cikin kwana 14. Akwai kuma cutar Guillain-Barré, mai somawa daga ƙafafu biyu bayan gudawa ko mura tana hawa sama. Idan ta kai ƙirji numfashi na iya tsayawa, amma mafi yawan waɗanda suka samu kulawa suna miƙewa.

Mai zuwa a hankali ita ce ta fi yaudara. Ciwon sukari na cin jijiyoyin ƙafa, mutum ya ji zafi kamar ya taka barkono, daga baya ya taka ƙaya bai sani ba. Tarin fuka yakan shiga ƙashin baya ya danne laka, a ga doro ya fito, ƙafafu na rauni. Wannan yana da magani. Kuturta ma haka, tabon da ba ya jin taɓi ne farkonta. Rashin bitamin B12, wanda ake samu a nama da nono da ƙwai, na kawo tangaɗi da mutuwar tafin ƙafa. A Kwango da Mozambik kuma, cin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi sosai ba ya sandarar da ƙafafun mata da yara da dama.

Ba za mu ɓoye ba, akwai waɗanda har yau ba su da maganin warkewa, kamar lalacewar tsoka da ake gada, wadda ke sa yaro namiji ya riƙa dafa gwiwa kafin ya tashi tsaye. Su ma sanin sunan cutar na hana iyali ƙarar da dukiya wajen bokaye da zargin kishiya.

Mai raka maras lafiya ya faɗa wa likita ranar da abin ya soma, sana'ar da ake yi a gidan, ruwan da ake sha, da ko akwai mai irin ciwon a dangi ko a unguwa. Ya kuma tafi da duk magungunan da ake sha, har da na kanti da saiwoyi.