Kwalin Madara da na Lemo: Ina Za a Kai Shi Bayan An Shanye?

Jama'a, an buga wannan 'yar takarda ne domin a yi muku bayani a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu ba mu ankara ba, watau kwalin nan da a ke zubo madara da ruwan 'ya'yan itace a ciki. A da, mai son nono sai ya jira 'yar Fulani da ƙwaryarta, in an sha a wanke ƙwarya, gobe a sake zubawa. Yanzu kuwa ko a kantin ƙauye za ka tarar da kwalaye jere, yaro ya soka tsinke ya tsotse ya yar. To, inda ya yar ɗin nan, shi ne abin da ya dame mu.

Asalinsa

A shekarar 1915 wani Ba'amurke mai suna John Van Wormer ya yi rajistar kwalin madara na takarda. Amma irin wanda ya cika kasuwanninmu, daga ƙasar Suwidin ya fito. A can ne Ruben Rausing ya kafa kamfanin Tetra Pak a garin Lund a 1951. Kwalinsu na farko mai kusurwa huɗu ne, kamar an matse bakin buhu ta nan an matse gindinsa ta can. A 1961 aka sami dabarar zuba madara a cikinsa ba tare da ƙwayar cuta ta shiga ba, sa'an nan a 1963 aka fito da mai siffar bulo, domin ya fi daɗin jerawa a mota da kanti.

Ga yadda a ke yi. A kan dafa madara da zafin da ya kai digiri 135 ko fiye, na 'yan daƙiƙu kaɗan, a huce ta, a zuba a kwalin da aka riga aka tsabtace, a liƙe. Madarar da aka yi wa haka ta kan yi wata shida ko fiye ba ta lalace ba, ba kuwa sai an sa ta a firji ba, muddin ba a buɗe ba. A ƙasa irin tamu mai zafi, inda wutar lantarki ba ta wadata ba, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Ba mu zo mu kushe kwali ba.

Ba takarda ce zalla ba

In ka shanye, ɗauki almakashi ka tsaga kwalin ka duba. Daga ciki za ka ga abu fari mai walƙiya. Alminiyam ke nan, wanda maƙera ke kira sanholo, an buga shi ya yi falle, bai kai kaurin gashin kai ba. Aikinsa ya hana haske da iska shiga, gama su ne ke ɓata abinci. A bayansa akwai takarda mai kauri, ita ce ƙashin kwalin. Sa'an nan akwai leda siririya da aka shafa ciki da waje da tsakani, ta waje ta tare danshi, ta ciki ta riƙe ruwa, ta tsakiya ta manne sauran. Duka-duka falle shida ne. In aka auna, wajen kashi 75 cikin 100 takarda ce, kashi 20 leda, kashi 5 sanholo.

Wannan haɗin shi ne gwanintar kwalin, shi ne kuma wahalarsa. Takarda ita kaɗai ta kan ruɓe. Sanholo shi kaɗai maƙeri na so, ya narke ya zuba tukunya. Leda ma akwai masu sayenta. Amma da aka manne su wuri guda da zafi, sai ya zama ba na kowa ba. Shi ya sa za ka ga 'yan jari bola sun tsince ƙarfe da gwangwani da robobi, sun tsallake kwalin lemo. Ba laifinsu ba ne, abin da ba shi da mai saye ba shi da mai ɗauka.

Ɓarnar da ya ke yi

Kwalin da aka jefa a kwata ba ya narkewa kamar takarda, domin leda ta rufe shi. Sai ya taru da ledar ruwa da sauran shara su toshe lambatu. Da damina ta sauka ruwa ya rasa hanya, ya koma cikin gidaje, ya ci gindin katangar ƙasa. Wanda ya kwanta kuma ya zama wurin ƙyanƙyasar sauro. Ko kwalin da aka yanke bakinsa aka yar a bayan gida, ɗan ruwan saman da ya tara ya isa sauro ya yi ƙwai.

Waɗansu su kan ce, ai sai a ƙone. Kada a yi. Hayaƙin leda na cutar da ƙirji, balle ga yara da tsofaffi da masu asma, sanholon kuwa ba ya cinyewa, sai ya saura cikin toka, a kwashe a kai gona da sunan taki. Matan da ke hura murhu da kwali su lura da wannan ƙwarai. In kuma aka binne shi a ƙarƙashin bola, takardar ta kan ruɓe a hankali inda babu iska, ta fid da wata iska mai kama wuta da masana ke kira mitan, tana kuwa cikin iskokin da ke ƙara ɗumamar duniya.

Akwai wata hasara kuma da ba a gani da ido. Takardar kwali sabuwa ce, daga itatuwan da aka sare aka niƙa. Sanholo kuwa daga wata jar ƙasa a ke fid da shi, irin wadda a ke haƙa da yawa a ƙasar Gini, narkar da ita kuma na cin wutar lantarki ba kaɗan ba. Sake narkar da tsohon sanholo bai fi cin kashi 5 cikin 100 na wutar da sabo ke ci ba. Duk da haka gaskiya ita ce, kwali ya fi kwalba sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, saboda haka mota ba ta ƙona mai da yawa wajen jigilarsa. Alherinsa yana wajen tafiya, sharrinsa yana wajen zubarwa.

Yadda a ke sake sarrafa shi

Aikin ba shi da wuyar ganewa. A ma'aikatar takarda akwai wata ƙatuwar randa ta ƙarfe mai farfela a gindi. A kan zuba kwalaye a ciki da ruwa, a yi ta kaɗawa kamar mai dama fura, har wajen rabin sa'a. Takardar sai ta jiƙe ta saki, ta zama kamar kunu. A tace kunun, a shimfiɗa, a matse, a busar, ya zama kwalin ɗaure kaya ko takardar goge hannu ko ta bayan gida. Masu ma'aikata na son wannan takarda domin zarenta dogo ne mai ƙarfi. Ba a dai mai da ita kwalin madara kai tsaye.

Abin da ya saura a rariya shi ne leda da sanholo a manne. Wannan a kan wanke, a busar, a matse da zafi ya zama allo ko kwanon rufi. A Indiya da Barazil da Tailan an rufa gidaje da irinsa. Ba ya tsatsa, ba ya kuma ɗaukar zafi kamar kwanon ƙarfe. Wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya san darajar wannan magana.

Amma inji ba ya tsince kwali daga titi, sai mutane sun tara sun kai masa. A Jamus, tun dokar 1991, aka ɗora wa masu yin kaya nauyin kwashe mazubin kayansu, jama'a kuma su kan ware kwali su sa a jaka ko garwa mai ruwan ɗorawa. A Japan, waɗansu iyaye mata ne a garin Otsuki suka fara tara kwalin madara a 1984, domin su koya wa 'ya'yansu ƙin almubazzaranci. Yau a can an saba a wanke, a tsaga, a shanya, a kai kanti. Duk da wannan ƙoƙari, bisa lissafin kamfanin Tetra Pak na shekarun 2019 zuwa 2022, wajen ɗaya cikin huɗu ne kaɗai na kwalayen da ya sayar a duniya aka tara don sake sarrafawa. Uku sun tafi bola, ko wuta, ko rafi.

Abin da a ke roƙonku

In an shanye, a ɗauraye cikin kwalin da ɗan ruwa, ko da ruwan wanke-wanke ne, don kada ya yi tsami ya jawo ƙuda. A ɓalle kunnuwansa huɗu a take shi ya baje. A tara a buhu wurin da ruwa ba ya taɓawa. Mai kanti ko mai shayi ko shugaban makaranta shi ya fi kowa iya wannan, gama a hannunsa su ke taruwa da yawa, ɗan kasuwa kuwa ba ya turo mota saboda kwali goma. Masu unguwa da dagatai su yi magana da jami'in duba-gari na ƙaramar hukumarsu a kan wurin da za a keɓe.

Inda babu mai karɓa tukuna, kwali na da sauran aiki a gida. A yanke samansa, a huda gindinsa wuri uku ko huɗu, a cika da ƙasa da taki, a shuka irin darbejiya ko zogale ko mangwaro. Ya kan riƙe danshi, bai kuwa cika yagewa ba. Ranar dashe a tsaga shi a zare, kada a binne shi tare da shukar. Abu guda dai a kiyaye: kada a zuba kananzir ko maganin ƙwari a kwalin lemo, domin yaro ba ya karatu kafin ya kai baki.