Na Tsaya Wa Kaina A Kotu Kan Buhu 12 Na Wake

Yau maganar kotu za mu yi, kuma da labarin kaina zan fara.

Ni ɗan Sakajiki ne, ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda. Wata kaka na ba wani ɗan kasuwa wake buhu 12, a kan zai kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, in ya sayar ya kawo mini kuɗina. Alhamis ta wuce, wata Alhamis ɗin ma ta wuce, har aka yi wata biyar. Mai unguwa ya zaunar da mu sau biyu, mutumin nan sai rantse-rantse da "in Allah ya kai mu jibi".

Abokaina suka ce in kai shi wajen 'yan sanda. To, ku ji wannan da kyau: bashi ba laifi ba ne da ake kulle mutum a kansa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai. Wurin karɓar bashi kotu ne. Lauya kuwa, in na lissafa kuɗinsa da na motarsa daga Gusau duk zama, ga halin da hanyoyinmu suke ciki, rabin waken ya tafi. Sai na ce bari in je da ƙafata.

Kuma babu dokar da ta hana. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci, bai ce sai da lauya ba. Tun Janairun 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, kotunan yanki na Zamfara suka koma kotunan Shari'a, a kan mazhabar Malikiyya suke hukunci, da Hausa kuma ake magana a cikinsu. Kullum manoma da zawarawa da tsofaffi suna tsaya wa kansu a can. Wanda ba Musulmi ba, ko wanda ya fi son ɗaya tsarin, akwai kotun majistare, ita ma tana sauraren ƙarar bashi.

Shigar da ƙarar ba wuya. Ka je wajen magatakarda, ka faɗi sunanka, sunan wanda kake ƙara da inda yake zaune, da abin da kake nema. Ka biya kuɗin sammaci, ka karɓi rasit, ka adana shi. Masinjan kotu ya kai sammaci, a sa muku rana. Shi ke nan.

Inda aikin yake shi ne ranar da alƙali ya dube ka ya ce, "Mene ne da'awarka?"

Ni dai da na buɗe baki, tun daga ranar da muka san juna na faro: yadda na yarda da shi, yadda ya ci amana, yadda matata ta gargaɗe ni. Alƙali ya bar ni na ɗan yi, sannan ya ce, "Malam, nawa kake bin sa?" Wallahi sai da na yi jim. Da'awa a shari'a dole ta zama sananniya, ƙayyadaddiya: mene ne, nawa ne, yaushe, ta wace hanya ya hau kansa. "Ya cuce ni" ba da'awa ba ce. "Allah gafarta Malam, na ba shi wake buhu 12 a wata kaza, a kan farashi kaza kowane buhu, bai biya ni ko sisi ba", wannan ita ce da'awa. Ku rubuta taku a takarda tun a gida, layi uku, ku haddace.

Daga nan sai a juya ga wanda ake ƙara: ya yarda ko ya musa? In ya yi iƙirari, magana ta ƙare. In ya musa, ƙa'idar da kowane alƙalin Shari'a yake tafiya a kanta ita ce, kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya, hujjar ita ce shaidu maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko kuma, a Malikiyya, shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. In ba ka da ko ɗaya, sai a ba abokin shari'arka Alƙur'ani. Ya rantse, ya tafi abinsa. In ya ƙi rantsewa, rantsuwar ta dawo kanka, ka rantse ka karɓi haƙƙinka. Duk wannan yana cikin littattafan da alƙalanmu suke aiki da su, irin su Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wani alƙalin Andalus, da Mukhtasar na Khalil.

Ni kuma wa na ɗauko shaida? Babana. Ai a gabansa aka auna waken, kuma duk garin an san ba ya ƙarya. Ashe shaidar uba ga ɗansa ba ta karɓuwa, haka ta ɗa ga uba, haka tsakanin miji da mata, haka wanda zai amfana da hukuncin, haka maƙiyi a kan maƙiyinsa. Ba wai an ce tsohon maƙaryaci ba ne, tuhuma ce ake gudu. Na sa shi ya hau mashin har Ƙaura a banza. Saura direban da ya yi lodin kayan, shi kaɗai.

Abin da ya cece ni, bakin mutumin ne da kansa. Da aka tambaye shi, maimakon ya ce bai san zancen ba, sai ya ce, "Ai na biya shi kuɗin buhu takwas, huɗu suka rage." Kun ga abin da ya faru? Da wannan jimlar ya amsa cewa ya karɓi waken. Yanzu shi ne mai da'awar biya, shi zai kawo shaidar ranar da ya ba ni kuɗi da wanda ya gani. Nauyin ya tashi daga kaina ya koma kansa, ni ban ma gane ba sai da na ji alƙali yana tambayarsa shaidu. Don haka ku ma in ku ake ƙara, ku san nauyin kowace kalma. Ba ina cewa ku yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye, rantsuwar ƙarya ba abin wasa ba ce. Ina cewa in da gaske ka biya, to ka zo da shaidar biyan, alat na banki ne, saƙon murya na WhatsApp ne, ko mutumin da aka ƙirga kuɗin a gabansa.

Idan shaidan ɗaya ɓangaren ya gama magana, za a tambaye ka ko kana da suka a kansa. Nan ba wurin zagi ba ne. Ka ce ɗan'uwansa ne na kusa, ko abokin kasuwancinsa ne a wannan kayan, ko ba ya wurin ranar. Kafin hukunci kuma akwai i'izari, wato alƙali ya tambaye ka ko kana da sauran hujja. Mutane da yawa kunya ko gajiya ke sa su ce babu. In akwai shaidan da bai samu zuwa ba saboda hanya, ka faɗa a nan, ka roƙi a ɗage zama.

Wani abu ga masu rikicin gona: shiru yana cin haƙƙi. A hukuncin hauzi, in bare ya riƙe gonarka shekara 10 yana nomawa, kana gari, kana gani, ba abin da ya hana ka magana, da'awarka ta yi rauni ƙwarai. Tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya fi haka tsawo sosai.

In hukunci bai yi maka ba, ka nemi kwafin shari'a nan take, don lokacin ɗaukaka ƙara ƙayyadadde ne, galibi kwana 30. Kuma a nan ne ni zan ce a nemi lauya. Sashe na 277 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga irin su aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara, mutum yana iya shekara yana bin ƙarar filinsa a kotun da ba ta da hurumi. Haka fili mai takardar mallaka ta gwamna, Babbar Kotu ce ke da shi bisa dokar filaye ta 1978. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin Legal Aid Council a Gusau, hukumar gwamnatin tarayya ce da aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi.

Nawa shari'ar zama huɗu ta ɗauka. Mutumin bai kawo shaida ko ɗaya ba, aka ba ni rantsuwa cewa ban karɓi komai ba, na yi alwala na rantse. Kotu ta yanke ya biya kashi uku, ta hannun magatakarda. Kashin ƙarshe sai da na koma na nemi a sake aika masa sammaci kafin ya fito. Ranar da na karɓa, na biya shagon littattafai a Ƙaura na sayi littafin rubutu na bashi, yanzu ko tiya ɗaya zan bayar sai an rubuta, mutum biyu sun sa hannu, kuma babu Baba a cikinsu.