Yadda ’yan ƙwallon kwando ke tafiyar da ƙungiyar ƙwadagonsu, da inda na Najeriya suka tsaya

A watan Oktoban 2021, makonni kaɗan bayan sun lashe kofin Afirka karo na uku a jere a birnin Yaounde, ’yan wasan ƙwallon kwando mata na Najeriya, wato D’Tigress, sun fitar da wani bidiyo da ya karaɗe kafafen sada zumunta. Ɗaya bayan ɗaya suka bayyana suna lissafa alawus-alawus da kuɗaɗen da suka ce suna bin Hukumar Ƙwallon Kwando ta Najeriya, NBBF, da Ma’aikatar Wasanni, suka kuma yi barazanar ƙaurace wa wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya. Jama’a sun tausaya musu, hukumomi sun yi alkawura, ƙura ta lafa.

Abin lura a wannan lamari shi ne hanyar da koken ya bi. Zakarun nahiya guda ba su da ofishin da za su kai ƙara, ba su da lauyan da suke biya daga aljihunsu, ba su da wata rubutacciyar yarjejeniya da za su buɗe su nuna shafin da aka saɓa. Makaminsu wayar salula ce da tausayin jama’a. A ƙasashen da wannan wasa ya zama sana’a sosai, irin wannan koke aikin ƙungiyar ƙwadago ne, kuma yadda aka gina ta daga ciki shi ke nuna ko za ta iya ɗaukar nauyin.

Daren da taurari suka ƙi fitowa fili

Mafi daɗewa kuma mafi ƙarfi a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce ta ’yan wasan gasar NBA ta Amurka, wadda ake kira NBPA. Bob Cousy, ɗan wasan Boston Celtics, shi ya assasa ta a 1954 ta hanyar rubuta wasiƙu ga wani fitaccen ɗan wasa a kowane kulob. A lokacin babu fansho, babu mafi ƙarancin albashi, babu kulawar lafiya ta kirki. Shekara goma masu kulob suna jan ƙafa.

A watan Janairun 1964 aka shirya wasan taurarin gasar a Boston, wanda za a nuna kai tsaye a talabijin. Ana dab da farawa, ’yan wasan, ƙarƙashin jagorancin shugabansu Tom Heinsohn, suka zauna a ɗakin sauya kaya suka ce ba inda za su sai an amince da batun fansho. Shugaban gasar, Walter Kennedy, ya ba da kai, aka fara wasa a makare. Oscar Robertson, wanda ya gaji Heinsohn, shi ya shigar da ƙarar 1970 da aka sasanta a 1976, wadda ta buɗe ƙofar da ɗan wasa zai bar kulob idan kwantiraginsa ya ƙare. Kafin nan, kulob ɗin da ya fara ɗaukar mutum shi ke riƙe da igiyarsa har ya yi ritaya ko a sayar da shi.

Wa ke da ta cewa

Tushen ƙungiyar yana ɗakin sauya kaya. Gasar NBA na da kulob 30, kuma ’yan wasan kowane kulob su ke zaɓen wakili guda da mataimakinsa daga cikinsu. Waɗannan wakilai su ne majalisar ƙungiyar. Wanda ya san yadda ƙungiyar direbobi ke da shugaban reshe a kowace tasha, daga Kankiya har Katsina, ba zai sha wahalar gane hikimar ba: mai kai koke ya kasance wanda ake tafiya da shi a mota ɗaya, ake kwana da shi a masauki ɗaya, wanda idan ya yi shiru a taro gobe zai haɗa ido da waɗanda suka aike shi.

Majalisar wakilan ce ke zaɓen kwamitin zartarwa mai mutum tara: shugaba, mataimaki na ɗaya, sakatare kuma ma’aji, da mataimaka shida. Dukkansu ’yan wasa ne masu buga ƙwallo a lokacin. Chris Paul ya riƙe shugabancin daga 2013 zuwa 2021 alhali yana buga wasannin kowace kaka kamar kowa, sannan CJ McCollum ya karɓa. Tun da mai yawo daga birni zuwa birni ba zai iya zama a ofis ba, sai ƙungiyar ta ɗauki babban darakta, galibi lauya, wanda ke jagorantar ma’aikata a hedikwatarta da ke New York: lauyoyi, akantoci, likitoci, da masu kula da harkar kasuwanci.

A nan ne ƙashin bayan tsarin yake. Babban darakta ya fi kowane ɗan wasa sanin doka da lissafi, ya kan daɗe a kujera fiye da shugabannin da ke zuwa suna wucewa, amma a ƙa’ida ma’aikaci ne, ’yan wasa ne iyayen gidansa. Idan suka yi sake, sai bawa ya koma ubangida. An ga haka a zamanin Billy Hunter, wanda ya riƙe muƙamin tun 1996. Wani binciken lauyoyi masu zaman kansu da aka fitar a Janairun 2013 ya zarge shi da fifita buƙatun kansa da na iyalinsa a harkokin ƙungiyar, ya kuma ce ba a bi ƙa’ida wajen amincewa da sabon kwantiraginsa ba. Hunter ya musanta aikata laifi, amma a watan Fabrairu wakilan suka taru a Houston suka sallame shi ba tare da ko ƙuri’a ɗaya ta goyi bayansa ba. A 2014 suka zaɓi lauya Michele Roberts, mace ta farko da ta jagoranci babbar ƙungiyar ’yan wasa a Arewacin Amurka. Ƙungiyar da ta iya korar babban ma’aikacinta ta hanyar ƙuri’a, ba tare da ta dare gida biyu ba, ta nuna lafiyar da yawancin ƙungiyoyi ba su da ita.

Akwai kuma wata tsaka mai wuya da ba a cika faɗa ba. Membobin kusan 450 ne, kuma kowa ƙuri’a ɗaya gare shi, daga mai ɗaukar miliyoyin daloli har wanda bai san ko za a sabunta masa kwantiragi baɗi ba. Taurari su ke jawo ’yan kallo, amma talakawan ’yan wasa su ne masu rinjaye. A 1995 Michael Jordan da Patrick Ewing sun jagoranci yunƙurin rushe ƙungiyar saboda rashin gamsuwa da yarjejeniyar da ta ƙulla, aka kaɗa ƙuri’a, suka sha kaye. Yarjejeniyar 1999 kuwa ta sanya iyaka ga albashin da mutum ɗaya zai iya karɓa, abin da ya rage wa manya ya kuma bar wa na tsakiya da na ƙasa rabo mai kauri.

Abin da ake ciniki a kansa

Babban aikin ƙungiyar shi ne ƙulla yarjejeniyar bai-ɗaya da masu kulob, kundi mai ɗaruruwan shafuka da ke fayyace mafi ƙarancin albashi, tsawon kwantiragi, fansho, horo da tara, gwajin ƙwayoyi, har da irin masaukin da za a sauke ɗan wasa. Kwamiti ne ke zaman ciniki, amma sai an kai wa ɗaukacin membobi sun amince da ƙuri’a kafin ta fara aiki. Wadda ake kai yanzu an ƙulla ta a 2023, za ta kai kakar 2029 zuwa 2030, kuma kowane ɓangare na da damar ficewa shekara guda kafin nan.

Zuciyar kundin ita ce rabon kuɗi. Tun 1983 aka ɗaure albashin ’yan wasa da abin da gasar ke samu daga talabijin, tikiti da tallace-tallace. Yau kasonsu na tsakanin kashi 49 zuwa 51 cikin ɗari. Wannan shi ya sa ƙungiyar ke da haƙƙin duba littattafan kuɗin gasar, domin ba a raba abin da ba a ƙirga ba. Kafin 2011 kason ya kai kashi 57. A shekarar ne masu kulob suka garƙame ƙofa har kwana 161, ba albashi ba atisaye, aka rage wasannin kakar daga 82 zuwa 66. Da tura ta kai bango, ƙungiyar ta sanar da cewa ta daina wakiltar ’yan wasan, dabara ce ta shari’a da ke ba su damar kai masu kulob kotu ƙarƙashin dokar hana babakere a kasuwa. Bayan an sasanta ta sake kafuwa. Duk da haka ’yan wasa ne suka yi asara a wannan karon, shaidar cewa tsari mai kyau ba ya hana shan kaye idan abokin ciniki ya fi ka juriyar yunwa.

Ƙungiyar ce kuma ke ba dillalan ’yan wasa lasisi, ta ƙayyade musu lada da bai wuce kashi 4 cikin ɗari na kwantiragi ba, ta janye lasisin wanda ya ci amana. Idan kulob ya ci tarar ɗan wasa ko ya riƙe masa kuɗi, akwai mai sulhu mai zaman kansa da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. A 2016 wakilan suka amince a ɗauki nauyin inshorar lafiyar tsofaffin ’yan wasan da suka yi aƙalla shekara uku a gasar, wato masu ci yanzu suka ɗebi nasu suka ba waɗanda suka riga su.

Ta mata, WNBPA, an kafa ta a 1998, kuma tun 2016 Nneka Ogwumike ke shugabantarta, haifaffiyar Texas wadda iyayenta ’yan Najeriya ne. A ƙarƙashinta aka ƙulla yarjejeniyar 2020 da ta ɗaga albashi mafi tsoka daga dala 117,500 zuwa 215,000, ta tabbatar da cikakken albashi ga mai hutun haihuwa, da ɗaki guda ga kowace ’yar wasa idan an yi tafiya. A Turai ma ’yan wasan gasar EuroLeague sun kafa tasu a 2018.

Gida bai ƙoshi ba

Arewacin Najeriya ba baƙo ba ne a wannan wasa. Kano Pillars ta sha lashe gasar ƙasa, ta kuma zo ta uku a gasar kulob-kulob ta Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta lashe NBA a 2019. Amma tun 2017 wasan ke fama da rikicin shugabanci. A watan Yunin shekarar an yi zaɓe biyu a kwana biyu: na Kano ya ba Tijani Umar, na Abuja ya ba Musa Kida. A ƙarshen Janairun 2022 aka maimaita, Kida a Benin, Igoche Mark a Abuja. Gasar cikin gida ta yi ta tsayawa tana tashi, kuma ɗan wasan da ba ya buga wasa ba shi da abin nunawa ga mai neman ɗauka.

A watan Mayun 2022 Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya na shekara biyu. D’Tigress, waɗanda suka doke Faransa da Mali a Belgrade suka sami gurbin gasar kofin duniya ta Ostireliya, sun wayi gari hukumar FIBA ta miƙa gurbinsu ga Mali. A watan Yuni gwamnati ta janye matakin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Waɗanda suka yi gumin ba su da kujera a inda aka yanke hukuncin.

Gaskiya ne akwai gurbin wakilin ’yan wasa a majalisar gudanarwar hukumar. Sai dai kujera ɗaya a cikin majalisar wanda ake bi bashi ba ta yi kama da ƙungiya mai asusunta da lauyanta ba, kuma idan majalisar ta rabu biyu, wakilcin ma rabuwa yake yi. Haka nan kyautar da shugabanni ke yi bayan nasara, kamar dala 100,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ga kowace ’yar wasa bayan kofin Afirka na 2025, abin farin ciki ce, amma kyauta ba a kai ta kotu idan ta makara, kuma ba ta isa ga wanda ya karye a filin atisaye a Gombe ko Bauchi.

Doka ba ta hana ba. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa ’yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta, Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta nemi aƙalla ma’aikata 50 su sa hannu a takardar neman rajista, Kotun Ma’aikata ta Ƙasa kuma ita ke da hurumin sauraron rikicin aiki. ’Yan ƙwallon ƙafa suna da tasu, PFAN, wadda Tijani Babangida ya shugabanta. Cikas ɗin yana wani wuri. Yawancin kulob-kulob mallakar gwamnatocin jihohi ne ko hukumomi irin su Kwastam, kuɗinsu daga kasafi yake fitowa, don haka babu wata ganimar talabijin da za a ce a raba kashi 50. ’Yan wasan tawagar ƙasa kuwa galibinsu a ƙetare suke aiki, hukumar ba ita ke biyansu albashin wata ba.

Saboda haka abin da ƙungiyar ’yan wasan Najeriya za ta fara nema ya fi kama da buƙatun zamanin Cousy fiye da na yau: kwantiragi rubutacce iri ɗaya ga kowa, ranar biyan albashi, wanda zai ɗauki nauyin jinya idan gwiwa ta goce, da wurin kai ƙara mai araha. FIBA na da kotun sulhu a Geneva tun 2007, amma sai kwantiragin ya ambace ta take sauraron ƙara, kuma kuɗin shigar da ƙarar kaɗai ya fi ƙarfin mai buga gasar cikin gida.