Haɗarin da Ba Ya Sallama a Rumfar Mai Walda

Duk wanda ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe, ya wuce gindin dutsen Kwatarkwashi ya shiga Gusau, ya kuma miƙe ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, kunnensa ba zai huta da kukan inji ba. Mai faci na gindin dalbejiya da tankin iskarsa, mai walda na gefe yana haɗa ƙyauren ƙarfe, wani kuma ya jawo wuta daga wajensu yana cajin wayoyin jama'a. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996 gine-gine ba su tsaya ba, kuma rashin tsaro ya sa kowa na son ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe. Aiki akwai shi, wuta ce babu tabbas. Layin Kaduna Electric, wanda har gobe NEPA muke ce masa, ba abin da mai sana'a zai ɗaukar wa mutum alkawari a kansa ba ne. Shi ya sa injin fetur ya zama jarin rumfa, har akwai wanda ya haɗa aiki uku a jiki ɗaya: ya ba da wuta, ya yi walda, ya cika tankin iska.

Mutane sun fi tsoron gobararsa, kuma da gaskiyarsu. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali hayaƙinsa ne, ba ma baƙin nan da ake gani ba. Duk injin da ke cin fetur yana fitar da wata iska ta salansa, masana na ce mata kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. A cikin jinin mutum akwai sinadarin himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa jiki. To wannan sinadari ya fi riƙe kabon monoksaid sau 200 da wani abu a kan yadda yake riƙe oksijin. Sai jini ya yi ta zagayawa hannu rabbana, ƙwaƙwalwa da zuciya na jiran abin da ba zai iso ba.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Wane ne a cikinmu zai ji haka bai ce maleriya ko taifod ba? Sai mutum ya haɗiyi farasitamol ya kwanta a ɗakin da gubar take. Wanda kuwa ta riska yana barci, sau da yawa ba ya jin komai bare ya tashi. Abin lura shi ne idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu a lokaci ɗaya, kuma wanda ya fita waje ya ji sauƙi, to a nemi inji a kashe shi.

Mu a Zamfara mun san irin wannan gubar da ke shigowa gida ba sallama. A 2010 ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma da fari zazzaɓi aka ɗauka. Sana'a ce aka shigo da ita inda ake kwana.

Na san abin da ke sa a shigo da inji zaure, ko ƙarƙashin bene, ko cikin shago a ja ƙofa. Ɓarayi ne, kuma wanda ya ci bashi ya sayi inji ba zai bar shi a titi ba. Da damina ana gudun ruwa, da hunturu kuma an toshe kowace taga saboda hazo. Amma buɗe taga ɗaya ba ta wadatarwa. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a ajiye janareta a fili, nesa da ƙofa da taga da ƙafa 20, wato kimanin mita 6, bakin salansa na kallon wani gefe. A gidajen haya na Sabon Gari da Tudun Wada samun wannan tazara da wuya, kuma wajenka tagar maƙwabcinka ce. Mafita na hannun mai waldan kansa: kejin rodi a tsakar fili, da rufin kwano, gefe huɗu a buɗe, a sa kwaɗo. Idan kuwa an tarar da wani ya galabaita, a fitar da shi sarari a garzaya asibiti mai oksijin, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Manja da madara ba sa fitar da wannan guba.

Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 kowa na adana ɗan abin da ya samu a jarka ko gorar ruwa, a kusa da shi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa, tartsatsin walda kuma na iya tashi mita 10. A kashe inji, a bari ya huce kafin a ɗura. Tankin babur ko duro da aka ce babu komai a ciki, shi ya fi bindiga idan wuta ta taɓa shi, domin cike yake da tururi gauraye da iska.

Wata rana na tsaya a wata rumfa a Gusau ana gyara mini ƙyaure. Maigidan na sanye da baƙin gilashin kasuwa, yaronsa, da bai wuce shekara goma sha uku ba, na riƙe da ƙarfen da hannu tsirara, ya kawar da kai, amma lokaci-lokaci sai ya saci kallo, don yana son ya koya. Idanunsa jawur, hawaye na bin kumatu. Maigidan ya ce, "Kai yaro, mi ya samu idonka?" Ya ce, "Oga, tun jiya da dare kamar an zuba mini yashi." Ba yashi ba ne. Wutar walda na fitar da wani haske mai ƙuna da ido ba ya gani, shi ke ƙone fatar saman ƙwayar ido, kuma zafin ba ya tasowa sai bayan awanni, galibi cikin dare. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai kada a ɗiga wani abu da likita bai bayar ba. Gilashin kwalliya ba ya maye gurbin garkuwar fuska mai duhun lamba 10 zuwa 12, wadda ke kare fuska da wuya ma. Garkuwa biyu ya kamata a samu a rumfa, ta oga da ta yaro. Hayaƙin walda ma ba abin shaƙa ba ne: a 2017 hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa. Iska ta riƙa kaɗa shi gaba, ba fuskar mai aiki ba.

Wanda zai ba gida wuta daga injinsa ya sa makunnin da ke raba gida da layin NEPA. In ba haka ba wutar na komawa taransifoma ta haura zuwa bolt 11,000, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layi a kashe yake.

Saura tankin iska, wanda aka fi mantawa da shi saboda shiru yake. Iskar da aka matse tana barin ruwa a gindin tanki, musamman da damina, ruwan kuma na cin ƙarfe daga ciki alhali fenti na ƙyalli a waje. Tankin da ya fara yoyo ya gama aiki, kada a yi masa walda, don faci ba ya mayar da kaurin da tsatsa ta cinye. Kada a ɗaure bawul ɗin da ke sakin iska idan ta yi yawa, kada a yi wa rim walda da taya a jikinsa, kuma mai ba tayar babbar mota iska ya tsaya a gefe, ba a gabanta ba. A ƙasan tankin akwai wani ɗan famfo. Oga ya nuna wa yaronsa shi, kullum in an tashi da yamma a rage iskar a buɗe shi, a bar jan ruwan ya tsiyaye har ya daina ɗiga.