Mai ba da hayar ɗaki ga baƙon kwana: abin da doka take nema gare shi

Yau hirarmu a kan hayar ɗaki ce, amma ba hayar shekara da shekaru ba. Muna nufin haya ta ɗan lokaci: kwana 2, mako guda, ko wata 3. Za mu ɗauki misali da garin Matamaye, cikin jahar Damagaram.

Matamaye gari ne na bakin hanya. Hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Kance, ta ratsa Matamaye, ta nufi Ɗan Barto, bakin iyaka. Daga can sai ƙasar Daura, cikin Najeriya. Saboda haka baƙi ba su yankewa. Ga masu sayen rake, ga fataken dabbobi da na hatsi, ga mushen lakwal da aka turo aiki bai sami gida ba tukuna, ga ma'aikatan porje da suka zo na wata guda. Akwai kuma ƴan gari da ke zaune Yamai ko Kano. Sun gina gida a nan, ba su zuwa sai da salla ko da biki. Sauran watanni gidan yana rufe, sai su ce wa ƙane ko maƙwabci ya riƙa sa baƙi a ciki.

Saukar da baƙo ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin ayari akwai zango, akwai fatoma. Fatoma yana ba falke ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya ci la'ada. Abin da ya sake yau shi ne hukuma tana so ta san wa ya kwana a gidanka, kuma nawa ka samu.

Wa ya kwana a gidanka?

Mun fara da wannan don shi ne ya fi sa mutane cikin wahala. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Nijar ta fitar da doka a kan shigowar baƙin ƙasashen waje da zamansu. Dokar ta ce duk wanda ya saukar da baƙon wata ƙasa a gidansa, sai ya sanar da ƴan sanda. Ko kuɗi ya karɓa, ko kyauta ya saukar da shi, duk ɗaya ne. Wanda bai sanar ba yana iya fuskantar hukunci.

Wani zai ce: ai mutumin Daura ba baƙo ba ne, harshenmu ɗaya, muna auren juna. Gaskiya ne. Amma doka takarda take dubawa, ba harshe ba. Wanda ke riƙe da katin Najeriya baƙon ƙasar waje ne a idon hukuma, ko da surukinka ne.

To, ga abin da za ka yi. Ka sayi littafin rubutu guda. Duk baƙon da ya sauka, ka nemi katinsa na ɗan ƙasa ko fasfo. Ka rubuta sunansa, da garinsu, da lambar katin, da ranar zuwansa, da ranar tafiyarsa. In ɗan wata ƙasa ne, ka je kwamisariya ka sanar. In babu ƴan sanda kusa da ku, ka je wurin jandarma su nuna maka hanya. Yana da kyau kuma mai unguwa ya sani. Kada ka riƙe katin baƙo a matsayin jingina. Ka duba, ka rubuta, ka mayar masa da abinsa.

Baƙon da ya ƙi nuna kati, ya ce zai ƙara maka kuɗi, gara ɗakin ya kwana babu kowa. In aka kama shi da kayan sata ko ƙwaya ko makami, kai za a fara tambaya.

Magana ta baki da takarda

Dokar zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ta yarda a yi haya da baki ko a rubuce. Aya ta 1714 ce ta faɗi haka. A shekarar 1996 kuma ƙasarmu ta yi tata dokar ta musamman a kan hayar gidaje. Ke nan hayar baki ba laifi ba ce. Wahalarta sai ranar gardama. Kai ka ce jika 10 kuka yi, shi ya ce jika 8. Wa alƙali zai gaskata?

Takardar ba ta bukatar dogon turanci. A rubuta sunan mai gida da na ɗan haya, da ɗakin da aka ba shi, da kuɗin, da ranar shiga da ta fita. A faɗi wanda zai biya ruwa da wuta. In akwai katifa, fanka, buta ko kujera a ɗakin, a lissafta su. In ka karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, a rubuta adadinsa. Wannan kuɗi amana ne, ba naka ba ne. Ran da baƙo zai tafi, in bai ɓata kome ba, ka mayar masa cif. Ku sa hannu ku biyu, da shaidu 2, kowa ya riƙe tasa.

Kai mai riƙon gidan wani, ka kula. In mai gidan yana Yamai, ka nemi izininsa a rubuce kafin ka sa kowa. Haka ɗan haya: kada ya ba wani hayar ɗakin da shi ma haya yake yi, sai ya tambayi mai gida.

Akwai wani nauyi da yawancin masu masauki ba su sani ba. Aya ta 1952 ta wannan doka ta ce mai masaukin matafiya shi ke da alhakin kayan da matafiyi ya shigo da su. Ana ɗaukar kayan kamar ajiya ce aka ba shi. In aka sace jakar baƙo a ɗakin da ka ba shi, yana iya kai ka ƙara. Don haka ƙofa mai ƙarfi da kwaɗo mai kyau ba ado ba ne. Gyaran rufi da bango da shadda ma a kanka yake.

In baƙo ya ƙi biya, ko ya ƙi fita, kada ka cire ƙofa, kada ka watsa masa kaya waje. Ka kai magana wurin mai unguwa a sasanta. In ta ƙi, sai gidan shari'a.

Lampo

Yanzu sai maganar da ba a so. Kuɗin haya riba ce, kuma akwai haraji a kanta. Wannan daban yake da lampon kai da ake biyan ma'aikatar magajin gari. Biyan wancan bai ɗauke maka wannan ba.

Shekara da shekaru, abin da ake yanka wa gidan zama da aka ba da haya shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar shekara. Mu yi lissafi tare. Mushe yana biyanka jika 10 a wata, wato sefa 10.000. A wata 12 ka karɓi jika 120. Kashi 10 cikin 100 na jika 120 shi ne jika 12. Ke nan cikin kowace jika 10 da ka karɓa, jika guda ta baitulmali ce. Dabara ita ce ka ware ta ran da kuɗi suka shigo hannunka. Jika guda a wata ba ta da zafi. Jika 12 a tashi ɗaya, ga tara a kai, ita ce ke sa mutum sayar da akuya.

Hayar shago ko ofis lissafinta daban ne. Kuma kowace shekara dokar kasafin kuɗi tana iya canza adadi. Saboda haka a farkon shekara ka je ofishin haraji mafi kusa da kai, ka tambayi adadin bana. Babbar ma'aikatarsu ta jaha tana birnin Damagaram.

In gwamnati ce ko porje ko babban kamfani ya kama gidanka, sau da yawa su za su cire harajin kafin su biya ka, su kai shi da kansu. Kada ka ce an cuce ka. Amma ka nemi takardar da ta nuna sun cire, don kada a sake binka.

Ga wani bambanci mai muhimmanci. Wanda ya ba mushe ɗaki guda na wata 3 mai gida ne kawai. Amma wanda ya shirya ɗaki 5, ya sa gado da fanka, yana karɓar jika 2 kowane dare, wannan sana'a ya buɗe. Ya kusa zama mai otel. Irin wannan sai ya yi rajistar kasuwanci, ya karɓi lambar haraji da ake kira NIF, ya biya harajin sana'a, wanda mutane suka saba kira patanti. Sai kuma ya nemi izinin ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido, don ita ke duba masaukai. Dokokin kasuwancin nan Nijar ta haɗa su da wasu ƙasashen Afirka, 17 duka, ƙarƙashin yarjejeniyar OHADA ta 1993. A 2010 an gyara su, aka buɗe hanya mai sauƙi ga ƙaramin mai sana'a: ya je ya bayyana sana'arsa, ba sai ya yi cikakkiyar rajista irin ta manyan ƴan kasuwa ba.

Kada ku zaci mu kaɗai aka matsa wa. A Faransa mutane suna ba matafiya hayar gidajensu ta intanet, ta hanyar kamfanoni irin su Airbnb. Abin ya yi yawa har ƴan gari suka rasa gidan zama. Sai doka ta ce ba za ka ba da hayar gidan da kake zaune ciki fiye da kwana 120 a shekara ba. A 2024 aka ba garuruwa ikon rage shi zuwa kwana 90.

Duk kuɗin da ka biya, ka karɓi resi mai hatimi. Ka duba sunanka, da adadin, da shekarar, kafin ka bar wurin. Wanda ya zo ƙofar gidanka ya ce ka ba shi wani abu a kashe magana, ba resi, kuɗinka bai isa baitulmali ba, kuma bashin yana nan a kanka. Ka ajiye resi tare da littafin baƙi da takardun haya, cikin leda, a akwatin ƙarfe, inda gara da ruwan damina ba za su kai ba.

A hira ta gaba za mu duba takardun fili da na gida, da yadda ake neman su. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.